Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Za Ka Tantance Mai Magana da Kai a Waya, Ka Kuma Tsare Sirrinka

Ranar wata Laraba bayan isha'i saƙo ya shigo mini ta WhatsApp daga lambar Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune a cikin birnin Zariya, kusa da Ƙofar Doka. Hotonta ne a jiki, lambar kuma na fi shekara goma da ajiye ta. An rubuta cewa wata matsala ce ta taso, manhajar bankinta ta ƙi buɗewa, in tura naira dubu tamanin cikin wani asusu, gobe da safe za ta mayar mini. Kafin in gama karantawa saƙon murya ya biyo baya, gajere, bai kai daƙiƙa goma sha biyar ba. Muryarta ce. Har 'yar shaƙewar nan da take yi in ta gaji tana ciki.

Abu biyu suka riƙe mini hannu. Saƙon ya kira ni da sunana na yanka, alhali Gwaggo ba ta taɓa furta shi ba tun da aka haife ni. Sunan mahaifinta na ci, Babana take ce mini. Sannan Hausar ta yi tsaf da yawa. Gwaggo Bazazzagiya ce ta asali, "matsala ne ya taso" za ta ce. Sai na kira layinta kai tsaye. Ta ɗauka tana tsakiyar lazimi, ba ta ma san abin da ake ciki ba. Abin da ta iya tunawa shi ne da la'asar wani mutum mai ladabi ya kira ta, ya ce daga guruf ɗin Islamiyyarsu ne, za a yi taro ta waya, an turo mata lambobi shida na shiga taron. Ta karanto masa. Sun yi kusan minti biyar suna magana. A wannan kiran ya tafi da WhatsApp ɗinta, ya kuma tafi da muryarta. Kafin mu gama sanar da dangi, ƙanena da ke Samaru ya riga ya tura dubu arba'in.

Tun daga ranar nake zaga gidajen 'yan'uwa ina karɓar wayoyinsu ina gyara musu saiti, ina kuma bincike a kan yadda aka yi aka kai nan. Abin da na koya ne zan shimfiɗa bi da bi.

A 1950 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, ya kawo tambayar: in mutum yana musayar rubutu da wanda ba ya gani, zai iya gane ko ɗan Adam ne ko na'ura? Shekara da shekaru ganewar ba ta da wuya. Shi ya sa shafukan intanet suka ɗauko gwajin nan na CAPTCHA, na karkatattun haruffa da zaɓen hoton da ke da mota ko fitilar titi, domin a lokacin na'ura ba ta iyawa. Daga ƙarshen Nuwamban 2022, da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, ƙirƙirarriyar basira (AI) ta faɗo hannun kowa. A Janairun 2023 masu binciken Microsoft suka nuna wata fasaha da ke kwaikwayon muryar mutum daga naɗin daƙiƙa uku kacal. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo da shugaban sashen kuɗinsu da wasu abokan aiki, ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk waɗanda ke cikin taron, ban da shi, ƙirar kwamfuta ne. Mun taso ana ce mana gani ya kori ji, amma a waya yanzu ganin ma sai an tantance shi.

Abin yana da baki biyu. Tunda na'ura ta iya shigar mutane, bankuna da manhajoji sun koma neman hujja mai nauyi kafin su yarda kai mutum ne: fuskarka, lambar NIN, zanen yatsa. Waɗannan kuma su ne kayan aikin mai son yin sojan gona da sunanka. Don haka tantance mai magana da kai da tsare bayananka aiki ɗaya ne.

Mataki na farko: katse, ka kira da kanka

Kada ka ɓata lokaci kana kasa kunne ko za ka jiyo alamar na'ura a murya. Alamomin da ake koya wa mutane a baya, irin su hoto mai yatsu shida ko leɓen da bai tafiya daidai da magana, kullum gyara su ake yi. Ko Zazzagancin da ya cece ni ranar, ba zan dogara da shi gobe ba.

Abin lura shi ne buƙatar da aka zo da ita. Duk saƙon da ya haɗa kuɗi ko wata lamba, da gaggawa, da "kada ka gaya wa kowa", ka bar hanyar da ya biyo ka nemi mutumin ta wata hanyar. In ta WhatsApp ya zo, ka kira layin waya kai tsaye, da lambar da ke ajiye a wayarka tun da can, ba wadda aka turo a cikin saƙon ba. In kira ne ya shigo, ka ce za ka kira, ka katse, ka danna lambar da hannunka. Za a ce maka "ina gaban likita ba zan iya ɗauka ba" ko "sifikar wayata ta lalace". Wannan uzurin shi kansa alama ce. Sai ka nemi na kusa da shi: matarsa, ɗansa, maƙwabcinsa, mai shagon ƙofar gidansu. Mu a Zariya Allah ya hutar da mu a nan. Daga Tudun Wada zuwa cikin birni tafiyar keke ce ta ɗan lokaci, kuma da wuya ka rasa wanda ka sani a Gyallesu ko Hanwa ko Palladan da zai leƙa maka.

In an ce daga banki ne, ka kira lambar da ke bayan katinka na ATM, ko ka bari gari ya waye ka je reshe. Banki ba ya tambayar fin, ba ya tambayar OTP, wato lambar da ke zuwa ta tes don tabbatar da tura kuɗi, ko da kuwa mai kiran ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka. Sanin waɗannan ba ya nufin ma'aikaci ne, yana nufin bayananka sun fita daga wani wuri.

Kuma ka karanta sunan da ke fitowa bayan ka sa lambar asusu. Ƙanena ya ga baƙon suna, amma an riga an share masa hanya a cikin saƙon cewa asusun mai POS ne. Baƙon suna da uzuri a gabansa, ka tsaya cak.

Mataki na biyu: ku yi kalmar gida

Ku zauna a gida, ido da ido, ku zaɓi kalma ɗaya ko gajeriyar jimla wadda duk mai neman taimakon gaggawa ta waya sai ya faɗe ta. Kada ta zama sunan uwa, ko na kaka, ko na ƙauyenku na asali, domin waɗannan muna baza su da kanmu a sitatus da katin ɗaurin aure da sanarwar rasuwa. Ku ɗauko abin da ya faru a tsakar gida wanda ba a taɓa rubuta shi ba: laƙabin wata akuya da kuka taɓa kiwo, ko wata kalma da ƙaramin yaro ke faɗa a karkace. Kada a rubuta ta a guruf ɗin dangi, kada a tura ta a saƙo. Wanda ke karatu a nesa a gaya masa in ya zo hutu. Ranar da aka yi amfani da ita a rubuce, a sauya wata.

Wahalar wannan matakin ba ta fasaha ba ce. Kunya ce. Ta yaya zan ce wa Kawu ya tabbatar mini shi ne, bayan na ji muryarsa? Ta yaya amarya za ta ce wa surukarta ta faɗi kalma kafin ta tura mata kuɗi? 'Yan damfara sun san wannan tarbiyyar tamu sarai, a kanta suke hawa. Suna zaɓen dattijo ko malami ko uwar adashe, wanda ba a yi masa musu. Maganin shi ne umarnin ya fito daga sama. A samu babban gida ya faɗa da bakinsa a gaban kowa: "Duk wanda ya ji na nemi kuɗi ta waya, ya tambaye ni kalmar, ban ɗauke shi rashin kunya ba." Da zarar ya faɗi haka, tambayar ta zama biyayya. A gidanmu Gwaggo ce ta yi wannan sanarwar da kanta ranar wani suna, kuma tun daga nan ba wanda ke jin nauyi.

Ga wanda ba ku da kalma da shi, kamar tsohon abokin makaranta, ka yi masa tambayar da amsarta ba ta intanet. Wane ɗaki muka zauna a shekarar farko? Wa ya raka mu tasha ranar da muka rabu? Ka bar shi ya kawo amsar, kada ka sa masa ita a baki.

Mataki na uku: kulle ƙofofi, ka fara da sim

Mutane suna kulle fuskar waya su bar sim a buɗe, alhali sim ɗin ne mabuɗin komai. Wanda ya tsinci wayarka a kasuwar Sabon Gari ba ya buƙatar buɗe ta. Zai zare sim ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0# lambar BVN ɗinka ta fito, OTP na banki kuma a hannunsa zai riƙa sauka. Don haka ka sa wa sim fin. Kafin ka fara, ka nemo kwalin da sim ɗin ya zo a ciki, akwai lambar PUK a jiki. Ka shiga saitin waya, sashen tsaro, ka nemi inda ake kulle katin sim. Za a tambaye ka fin na asali da kamfani ya sa. In ba ka san shi ba, ka tambaya a ofishinsu, kada ka yi cinke. Kuskure uku yana rufe sim sai da PUK, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi gaba ɗaya. Bayan ka sauya fin ɗin, duk lokacin da aka kashe waya aka kunna ko aka kai sim wata wayar, sai an sa shi.

Sai WhatsApp. Lambobi shida da ke zuwa ta saƙon tes su ne makullin asusunka, ba na shiga taro ba ne, ba na rajistar tallafi ba ne, ba a karanta wa kowa. Ka shiga saiti, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda masu gyaran waya ke kira tu-sitef. Za ka zaɓi wasu lambobi shida naka na kanka, ka kuma sa imel ɗin da kake iya buɗewa don ranar mantuwa. Da Gwaggo ta yi wannan, da lambar da ta karanto ba ta ishe shi ba. Daga nan ka duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunka. Duk kwamfutar da ba ka gane ba ka fitar da ita. A sashen sirri, ka mayar da hotonka da sitatus da izinin sa ka a guruf zuwa ga waɗanda ke cikin lambobinka kawai, ka kuma kunna toshe ƙarar kiran baƙin lambobi.

Imel da Facebook su ma suna da nasu mataki biyun, ka kunna. Kowane asusu da kalmar sirrinsa daban. In ba za ka iya haddacewa ba, ƙaramin littafi a cikin akwati a gida ya fi kalma ɗaya da ke buɗe komai. Na tarar da wayoyi da dama an ajiye fin na ATM a cikin jerin lambobi da suna "banki". A goge wannan yau. A kuma hana saƙonni bayyana a fuskar waya alhali tana kulle.

Za ka kai waya gyara PZ a nan Zariya, ko za ka bar ta wurin mai caji saboda rashin wuta? Zare sim da memori ka sa a aljihu. In kuma layinka ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai suna da sabis, kada ka kwana a kai. Mai yiwuwa wani ya yi wa layin welkam-bak da sunanka, wato ya karɓi sabon sim mai lambarka. Ka kira banki a rufe asusu, ka nufi ofishin kamfanin layin.

Mataki na huɗu: rage abin da kake watsawa

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Garinmu garin makarantu ne, lokacin shiga jami'a da lokacin tafiya bautar ƙasa za ka ga sitatus cike da takardar samun gurbi da takardar kira, suna da lambar rajista da hoto duk a fili. Lokacin aikin Hajji kuma fasfo da biza. Farin ciki halas ne, amma a rufe lambobin kafin a ɗora, ko a bar takardar a sa hoton mutum kawai. Daga irin wannan ne ake kiran uwa a ce ɗanta ya yi haɗari a hanyar sansani, a faɗi sunansa da jihar da aka tura shi.

A shagon intanet ko wurin fotokwafi, ka tsaya a kan aikinka. Kwafin da ya lalace na takardar NIN ko sakamakon jarrabawa ka karɓe shi, kada ya tafi kwandon shara, daga can ya koma ƙunshin ƙosai. In ka tura takarda ta WhatsApp don a buga maka, ka sa a goge a gabanka, daga wayar da kuma kwamfutar. In ka buɗe imel a kwamfutarsu, ka fita daga asusun kafin ka tashi, rufe shafin kawai bai wadatar ba. Kwafin katin shaida da za ka miƙa wa wani ofis, ka rubuta a kansa da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, ta yadda zai yi wuya a kai shi wani wurin.

Murya kuwa ba za a daina magana ba. Amma a rage dogayen saƙonnin murya a manyan guruf da ba ka san rabin mutanen ciki ba, kuma baƙon da ya kira yana jan hira ba tare da ya faɗi abin da ya kawo shi ba, ka gajarta masa.

Akwai abin da ya fi kuɗi ciwo, dole in tsaya a kansa. Daga hoton biki ɗaya ana iya haɗa hoton tsiraici na ƙarya da fuskar yarinya, a turo mata, a ce ta biya ko a watsa. Yarinyar da ta san mutuncin gidansu za ta gwammace ta sayar da ɗan kunnenta a ɓoye da ta faɗa. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku tun yanzu cewa ana iya ƙirƙirar irin wannan hoton ba tare da mutum ya aikata komai ba, kuma in ya faru, gida za a fara zuwa, ba duka, ba gori. Ke kuma 'yar'uwa, kada ki biya. Wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. Ki ɗauki sikirinshot na barazanar da lambar da asusun da ya bayar, ki gaya wa babba, a kai ƙara. Akwai shafin StopNCII na manya, da Take It Down na waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Hoton ba ya barin wayarki. Wata lambar shaida ake cirowa daga jikinsa a ba kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok don su tare shi in an yi yunƙurin ɗorawa.

Mataki na biyar: in an ce ka tabbatar kai mutum ne

Kullum ana ce mana mu nuna mu ba na'ura ba ne, amma farashin ya bambanta. Zaɓen hoton mota ba ya cinka komai. Sai dai akwai na bogi: shafi ya ce don ka tabbatar kai mutum ne, ka danna maɓallin Windows da R, ka liƙa wani rubutu. Wanda ya yi haka ya shigar da ɓarawo kwamfutarsa da hannunsa. Gwajin gaskiya ba ya sa ka buɗe komai a wajen shafin, ba ya sa ka sauke manhaja.

In abin da ake nema ya kai ga fuska, ko NIN, ko BVN, ko yatsa, ka yi wa kanka tambaya uku. Wa ke nema? Ni na je wurinsa ko shi ya zo mini? In abin ya fita, zan iya sauya shi? Kalmar sirri ana sauyawa cikin minti ɗaya, fuska kuwa da ita za a kai ka kabari. Banki ya nemi ka juya kai ka ƙifta ido a cikin manhajarsa da ka sauke da kanka, wannan da dalili. Link ɗin da ya zo ta guruf yana alkawarin tallafi ko taki ko aikin gwamnati, yana neman NIN da BVN da hotonka riƙe da kati, wannan tattara kayan buɗe asusu ne da sunanka. Yawancin shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa. Ka karanta adireshin harafi bayan harafi.

A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan masu bin mutane suna sayen NIN da BVN da hotonsu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Asusun da aka tura kuɗin ƙanena, irin wannan ne: sunan wani bawan Allah ne a jiki. Ranar da aka biyo sawun kuɗin sata ko na fansa, ƙofar mai sunan za a ƙwanƙwasa. Matasanmu masu zaman jiran aiki su ji wannan da kyau. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A 2023 shirin Worldcoin ya riƙa ɗaukar hoton ƙwayar idon mutane a Kenya yana ba su kuɗin kirifto, da sunan samar da shaidar cewa su 'yan Adam ne. Dubban mutane suka yi layi, har gwamnatin ƙasar ta dakatar da shi a watan Agusta na shekarar.

Doka tana bayanka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba ka damar tambayar me za a yi da bayananka, ka ga abin da aka ajiye, ka janye amincewarka, ka nemi a goge. Hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ce ke karɓar ƙorafi. Ka kuma shiga saitin wayarka ka duba izinin kowace manhaja. Tocila ba ta da hurumi da lambobin mutanenka. Manhajojin bashi da ke tura wa dangi saƙon tozarci, ta wannan izinin suke samun lambobin. Tun 2023 Google ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna, don haka wadda ta nema, ko wadda aka ce ka sauke ta link, ka guje ta.

Mai hira da ChatGPT ko Meta AI shi ma ya sani cewa abin da ya rubuta yana tafiya kwamfutocin kamfani ne. Ka yi tambayarka, amma ka cire suna da lamba da sirrin aure da takardar asibitin wani.

Mataki na shida: bidiyo, labari da baƙon aboki

Bidiyon fitaccen malami ko attajiri yana tallan maganin ciwon suga ko wata harkar ninka kuɗi, ka je shafinsa na ainihi ka duba ko yana can. A Facebook, sashen bayanin shafi yana nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin da aka buɗe watan jiya ba na malamin da ya shekara talatin yana karantarwa ba ne. Hoto kuma ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa, sau da yawa za ka tarar tsoho ne, ko na wata ƙasa. Kada yawan masu yabo a ƙasa ya ruɗe ka, mutum ɗaya yana iya tuƙa ɗaruruwan asusu. Manhajar zuba jari ta CBEX da ta rushe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, da sunan ƙirƙirarriyar basira ta yi talla, wai ita ke juya kuɗin su ninka cikin wata guda.

A jiha irin tamu ta Kaduna, hoton gawa ko na wurin ibada yana cin wuta ba abin wasa ba ne. Mun san abin da jita-jita ta taɓa jawo mana. In ya tayar maka da hankali har yatsanka na rawa, wannan ne lokacin ajiye wayar. Ka jira gidajen rediyo da jaridun da ke da suna da ofis, ko ka kira wanda ke zaune a garin.

Wanda kuka haɗu a intanet, saurayi ko mai ba da aiki, komai daɗin hirarsa da tsawonta, ma'auninsa ɗaya ne: wa ya san shi a ƙasa? Unguwarsu, masallacinsu ko cocinsu, wanda zai tsaya masa. Binciken da iyaye ke yi kafin aure, shi ne dai.

Mataki na bakwai: in ta riga ta faru

Banki za ka fara kira, kafin kuka, kafin faɗa. A rufe kati da asusu, ka ba da lambar asusun da kuɗin suka shiga da lokacin, ka karɓi lambar ƙorafi. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu ko daga wayar wani. Ka tambayi ta bankinka tun yau ka rubuta a takarda. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana iya kai ƙorafin sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

In WhatsApp aka ƙwace, ka sake rajista da lambarka. Da ka sa lambobi shida da za su zo ta tes, an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa tu-sitef, za ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Tsofaffin hirarrakinka ba sa bin sa zuwa wayarsa. Guruf-guruf ɗinka da lambobin da ke ciki yake gani, don haka a kira shugabannin guruf su cire lambar, a sanar da mutane ta kira da tes. Kada a goge komai. A haɗa sikirinshot da rasit a kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Kaduna. Kuma kada a yi wa wanda abin ya faɗa wa dariya, domin jin kunya ne ke sa na gaba ya yi shiru har a cuci mutum goma da sunansa.

Gwaggo ta cika kwana bakwai ɗinta ta koma asusunta. Dubu arba'in ɗin ƙanena ba su dawo ba, an kwashe su tun a daren. Watan jiya wayata ta faɗa ruwa, na ari ta wani abokin aiki na kira ta a kan kuɗin adashen matata. Na yi sallama, na fara bayani, sai ta tare ni.

"Muryan Babana ne, amma lamban ba nashi ba ne. Faɗa mini kalman."

Na faɗa. Ta ce to, duk da haka in ajiye, za ta kira matata tukuna.